Yadda Zarami Mai Ƙaho Ya Koma Mai Roba

Duk wanda ya bi ta bayan rumfar mahauta a Haɗeja a zamanin Turawa, hancinsa ne zai fara gaya masa ya iso wurin Zarami, tun kafin ido ya gan shi. Ƙaurin ƙaho ne a kan garwashi. Zarami dogo ne siriri, mai tsagen Barebari a kumatu, kullum fuska a murtuke kamar yanzun nan aka gama ɓata masa rai. Yawanci kuwa hakan ne.

Kakansa daga bakin Tafkin Cadi ya zo fataucin kanwa, garin ya karɓe shi, ya sauke kaya bai sake komawa ba. Ubansa shi ya fara sana'ar ƙaho, Zarami ya taso ya tarar da ita. Mahauta ke tara masa ƙahonin shanu. Sai ya jiƙa su har ƙashin ciki ya saki, ya yanka da zarto, ya tsaga, ya kara a garwashi yana jujjuyawa har ƙahon ya yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar fata. Daga nan ya matse shi tsakanin katakai biyu, ko ya danna shi cikin wani kwarmi da ya sassaƙa a itace, ya bar shi ya huce da siffar da yake so. Da haka yake fitar da ƙotar wuƙa da cokali da mataji da ɗan kurtun zuba garin taba, har da ƙahon wanzamai.

Amma a wurinsa duk wannan share fage ne. Aikin na gaske shi ne guga. Ƙaho in ya fito daga wuta mummuna ne, duk ƙuraje da baƙin hayaƙi. Zarami zai kankare shi da wuƙa, ya murje da yashin bakin kogi wanda shi da kansa yake ɗebowa ya tankaɗe, ya bi da ganyen ɓaure mai kaushi, sannan toka da ɗan man gyaɗa, a ƙarshe ya yi ta murzawa a tafin hannunsa. Gugarsa iri-iri ce. Akwai mai sheƙi, wadda mutum ke hango ƙwayar idonsa a ciki. Akwai mai dushi-dushi, wadda ake tsayawa a ganyen ɓaure don hannu ya samu abin kamawa. Akwai kuma wadda yake yi wa zane da tsinken ƙarfe mai zafi. Kowace da inda ta dace, kuma a nan ne rigimarsa da mutanen ƙasar take, domin kowa sheƙi yake so.

Akwai wani masunci na Auyo, Shu'ibu, da ya zo a yi wa wuƙarsa ta fiɗar kifi sabuwar ƙota. Zarami ya yi masa mai dushi-dushi. Shu'ibu ya jujjuya ta a hannu, ya taɓe baki.

"Malam Zarami, ai ba ka gama ba."

"Na gama."

"To ina ƙyallin? Ta wanzamin garinmu da ka yi masa har ɗaukar ido take."

"Wanzami a cikin ruwa yake aski? Kai hannunka kullum a jiƙe yake da yauƙin tarwaɗa. In na goge ta ta yi santsi, sulɓe maka za ta yi."

"Kai dai goge mini. Ni zan riƙe abata."

Zarami ya goge, yana yi yana tsaki. Kasuwa ba ta zagayo sau biyu ba sai ga Shu'ibu ya dawo hannu rabbana. Wuƙa tana ƙarƙashin kogi. Ko sallama bai ƙarasa ba ya fara: "Wane irin aiki ka yi mini haka? Abu kamar sabulu!" Zarami ya tashi ya shige bayan rumfa ya tsaya shi kaɗai, har sai da zuciyarsa ta sauka. Shu'ibu ya kawo wata wuƙar daga baya, ita ma sheƙi ya ce a yi mata.

Haka ya yi shekara da shekaru. Matarsa Ramatu ta saba. In ya shigo gida yana ƙunƙuni sai ta ajiye masa tuwon shinkafa da miyar kifi, ta zauna gefe tana tsintar wake, shi yana ba ta labarin wautar mutane, ita tana cewa "Allah ya kyauta" a inda ya dace. Wani lokaci ma sai ta faɗa a inda bai dace ba, ya gane ba saurarensa take yi ba, ya ƙara hasala.

Ramatu tana da ƙane, Gwadabe, ɗan tireda, wanda ke hawa jirgin ƙasa a Malam Madori ya tafi Kano saro kaya. Da yake ƙanen mata ne, akwai wasa tsakaninsa da Zarami, sai dai Gwadabe kaɗai ke jin daɗin wasan. A 'yan shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, wata rana da hantsi, sai ga shi ya zo da jaki ɗauke da buhuna biyu, ya zazzage su a gaban rumfar. Wasu kwanuka ne da kofuna, ja da shuɗi da ɗorawa, marasa nauyi, in sun bugi juna ba sa ƙara irin ta tasa.

"Mijin Yaya, ga aiki na kawo maka."

Zarami ya ɗauki ɗaya da 'yan yatsu biyu ya shinshina. "Mene ne wannan?"

"Roba. Ita ake yayi a Kano yanzu. Ba ta fashewa kamar ƙwarya, ba ta tsatsa kamar langa. An ce da zafi ake narkar da ita a danna cikin kwarmi, kamar dai yadda kake yi wa ƙahonka. Ka ga ke nan 'yar'uwar sana'arka ce."

"Sana'ata ba ta da 'yar'uwa."

Abin da ya faru shi ne, a tarago an jibge buhunan kusa da kayan wani maƙeri, hanya ta yi ta jijjiga su, kwanukan suka gogu da juna da ƙarafa har duk jikinsu ya ƙarje. Matan gari sun zo sun gani, sun ce tsofaffi ne aka wanke. Ba wadda ta taya.

"Ka goge mini su su dawo sababbi," in ji Gwadabe. "Kai da kake mai da ƙahon tsohuwar saniya madubi."

Zarami ya ce ba zai taɓa ba. Gwadabe bai ja da shi ba, sai ya wuce gidan yayarsa. Da Zarami ya koma gida da la'asar, Ramatu ba ta ce komai a kan kwanuka ba. Ta dai ba shi labarin yadda Gwadabe ya yi jinyar tsohuwarsu shi kaɗai, da yadda ya rame a 'yan kwanakin nan, har wuyansa ya fito. Ta ƙara da cewa ita dai ba ta roƙon kowa. Washegari Zarami ya jawo buhun.

Ya fara da yadda ya sani. Ya ɗebi yashi ya murza gefen wani jan kwano. Wurin ya yi fari fat kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Ya bi da ganyen ɓaure, farin ya ƙara faɗi. Ya shafa toka da man gyaɗa, ya murza a tafin hannu har hannun ya yi zafi. Kwanon ya ɗan yi ƙyalli, ya ji sanyi a ransa. Ya ɗauraye da ruwa, ƙyallin ya bi ruwan ya tafi. Ashe man ne kawai ke sheƙi.

"Ƙaho yana shan mai," ya ce wa mahaucin da ke kusa da shi, wanda bai tambaye shi ba. "Itace yana sha, fata tana sha. Wannan abin ba ya shan komai. Abin da ba ya shan komai yaya za a yi da shi?"

Ya ce to bari a rufe ƙarjewar da launi. Ya je wurin dukawa ya samo jan da suke rina fata da shi, ya shafa. Launin ya taru ɗigo-ɗigo ya gangare. Ya gwada baban marina, ya gwada lalle da Ramatu ta kwaɓa masa, ya ɗaure kwanon da ganye kamar ƙafar amarya ya bar shi ya wuni. Da ya kwance, lallen ya kama yatsunsa jawur, kwano kuwa yana nan yadda yake. Mako guda mahauta suna tambayarsa yaushe ne ɗaurin auren.

Saura wuta. Ya yi tunanin tun da da zafi aka yi abin, zafi zai ji. Ya kara wani shuɗin kofi a garwashi kamar yadda yake kara ƙaho, ya juya zai ɗauki awartaki. Kafin ya waiwayo kofin ya zube, ya zama wani abu kamar majina, yana ɗiga cikin wutar, wani baƙin hayaƙi mai hawa kai ya turnuƙe rumfar. Mahauta suka watse suna tari. Sarkin fawa da kansa ya taso ya ce, shekara nawa suna haƙuri da ƙaurin ƙaho, amma wannan kam zai sa mutane su ce mushe ake sayarwa. Zarami bai taɓa ba wani haƙuri a kasuwar nan ba sai ran nan.

Da Gwadabe ya leƙo ya ga ragowar kofin, sai ya fashe da dariya. "Mijin Yaya, na ce ka goge, ban ce ka dafa ba."

"Kwashe tsiyarka ka bar nan."

"Zan kwashe. Sai dai me zan ce wa Yaya?"

Bai kwashe ba. Zarami kuma ya kasa ƙyale abin, ba don Gwadabe ba, don haushin a ce wani kwano ya gagare shi. Ya koma kan wanda ya fara murzawa da yashi, wanda ya riga ya lalace. Ya ce tun da ba zai yi sheƙi ba, bari ya hana shi sheƙin gaba ɗaya. Ya murje duk bayansa da ganyen ɓaure har ya zama dushi-dushi bai ɗaya, ƙarjewar ta ɓace a ciki. Sannan ya ɗauko tsinkensa na zane, ya ɗumama shi kaɗan, ba kamar na ƙaho ba, ya ja layi. Inda tsinken ya bi sai robar ta narke siririya, asalin jan ya fito yana ƙyalli a tsakiyar dushin. Ya ja wani layin, ya gicciya, ya bi bakin kwanon da irin zanen da mata ke so a ƙwarya. Da ya gama ya riƙe shi nesa ya duba. Ya yi kyau. Wannan ma ya ba shi haushi.

Ramatu ce ta kai wannan kwanon gidan suna da cincin a ciki. Ba ta dawo da shi ba, domin uwar mai jego ta riƙe. Kafin Juma'a ta zagayo an kwashe buhun farko, na biyu kuma mata har rububi suke tun bai gama zanawa ba. Gwadabe ya sake hawa jirgi. Wannan karon sababbin kwanuka ya kawo, lafiyayyu masu sheƙi, ko ƙwarzane babu, ya zube su a gaban rumfar.

"Waɗannan kuma me ya same su?"

"Ba abin da ya same su. Mata sun ce ba sa son masu santsi, irin naka suke so. Ka ƙarje su."

Zarami ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali. "Gwadabe, tun ina saurayi nake roƙon mutanen garin nan su yarda ba komai ake wa sheƙi ba. Ba wanda ya ji. Yau an kawo musu abu mai sheƙi tun daga ƙasar Turawa, sun ce a kashe sheƙin?"

"Haka suka ce."

"A kan kwanon cincin!"

"Har da na fura."

Daga nan abin ya fi ƙarfinsa. Roba ba ta fashewa kamar ƙwarya, gaskiya ne, amma tana tsagewa in rana ta dafa ta, tana kuma narkewa in an ajiye ta kusa da murhu, abin da kowace mace a Haɗeja sai da ta gwada da kanta kafin ta yarda. Wata tsohuwa, 'Yar'azumi mai ƙosai, ta kawo masa nata kwanon da ya tsage, ta ce tun da shi ya san halin abin, ya ɗinke mata. Ya ce shi ba gyartai mai ɗinkin ƙwarya ba ne. Ta zauna a bakin rumfar ta ce ba inda za ta. Don ya rabu da ita ya yanko ɗan guntun kofin nan da ya narke, ya ɗora a kan tsagar, ya bi da wuƙa mai zafi, ya liƙe. Ta zuba ruwa, bai ɗiga ba. Mai ƙosai kuwa duk gari ke zuwa wurinta. Cikin wata guda ana kawo masa tsagaggun kwanuka daga Auyo a kwalekwale, ranar kasuwar Kafin Hausa kuma masu jakuna su dawo masa da wasu.

Sunan ne ya fi ci masa rai. A da Zarami mai ƙaho ake ce masa, kamar yadda ake ce wa ubansa mai ƙaho. Yanzu baƙo in ya shigo kasuwa sai ya ji yana tambaya, "Ina rumfar Zarami mai roba?" Ya ƙi amsawa. Sai mahauta su nuna shi da wuƙa, suna murmushi. Ƙahoni suka taru a bayan rumfa har gara ta fara shiga buhunsu. In ya ɗauko ɗaya zai fara kankara, sai wata ta yi sallama da bokiti.

Da damina ta kama ya ce ya gaji. Yana da 'yar gonar shinkafa a fadama da ya gada, wadda ya daɗe da bar wa wani yana nomawa. Ya rufe rumfa da zana, ya ce wa Ramatu duk wanda ya tambaya a ce ya bar sana'a. Ya yi 'yar bukka a kan tudu a bakin gonar, yana wuni a can, ruwa iya gwiwa, sauro na cinsa, bayansa na ciwo, amma ba mai kiransa da sunan da ba ya so. Ya ce rabonsa da samun natsuwa irin wannan tun yana yaro.

Ranar da ya fara cirar ciyawa ta biyu, yana sunkuye, sai ya ji ƙarar sandar tuƙi a ruwa. Ya ɗago. Kwalekwale ne ke ratsowa ta cikin ciyawar burugu, da mata uku a ciki, kowace da tulin kwanuka a cinya, ja da shuɗi da ɗorawa. A gaba 'Yar'azumi ce zaune, ta rungumo kaskon wuta da garwashinsa.

"Sannu da aiki, Malam! Mun san ba ka da wuta a nan, shi ya sa muka taho da ita."

"Wa ya gaya muku inda nake?"

"Ramatu ta ce ka bar sana'a. Muka ce a ina ya bar ta, ta nuna mana."

Ya tsaya cikin ruwa da ciyawa a hannu. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ko'ina ruwa ne, ba wurin gudu. Ya fito ya zauna a kan tudu, ya miƙa hannu ba tare da ya kalli kowa ba, aka ɗora masa na farko.

Bayan girbi ya koma rumfarsa. Ya kafa doka ɗaya, wadda ya tsaya a kanta har tsufansa: ranar Juma'a daga safe zuwa lokacin masallaci ta ƙaho ce, ko wace ce ta zo da roba sai ta jira. Wanzamai da 'yan tsofaffi masu shan taba suka san haka, suka riƙa zuwa ranar. Sauran kwanakin kuwa na mata ne da kwanukansu, yana liƙi yana faɗa, su kuma suna hirarsu kamar ba da su yake ba.

Shekarar da ake ta maganar Turawa za su tafi, aka sa ranar auren 'yarsa Aisa, ita ce babba, kuma duk cikin 'ya'yansa ita ta ɗauko bakinsa. Tun da aka sa rana ya ware ƙahoni farare masu ratsin baƙi, irin na shanun Fulanin da ke shigowa fadama da rani, ya yi mata cokula da mataji, ya goge su har suna ɗaukar ido. Ya kira ta ya baje su a kan tabarma. Ta durƙusa ta ɗauki ɗaya, ta yaba, ta yi godiya. Ba ta tashi ba.

"Akwai magana ne?"

"Baba, na kwanukan fa? Duk amaren unguwar nan da naka ake musu jere. Ni 'yarka a kai ni babu?"

"Wannan ƙaho ne, Aisa. Jikokinki za su ci abinci da shi. Waccan abar rana kaɗai ta ishe ta."

"Na sani, Baba. Jan nake so, da ɗorawa. Kawu Gwadabe ya ce ya riga ya kai rumfa."

Ramatu tana bakin murhu, ta sunkuyar da kai tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Ya yi kwanaki a kan kwanukan nan. Bai yarda ya maimaita zane ɗaya a kan biyu ba. Wanda tsinke ya ɗan zarce a jikinsa ya jefar gefe, ya aika Gwadabe ya kawo wani. Mahaucin da ke kusa da shi ya leƙo ya daɗe yana kallo, ya ce bai taɓa ganin ya zauna wa roba haka ba.

"Roba ce," in ji Zarami, bai ɗago ba. "Banza ce. Matsa, ka tare mini haske."